Tiyo da injin zuƙa a dajin mapul: tambayoyi da amsoshi ga mai ƙaramin daji

Wai shin mene ne ma ake zuƙowa daga bishiyar?

Ruwan jikinta ne. Bishiyar mapul tana tara sukari lokacin zafi, to idan hunturu ya zo ƙarshe, daga wajen Fabrairu zuwa Afrilu, dare ya yi ƙanƙara rana kuma ta ɗan saki, sai matsi ya taru a cikin itacen, in ka huda ta sai ruwa ya riƙa ɗiga. Ruwan kamar na sha yake, sukarinsa bai fi kashi 2 cikin ɗari ba, sai an dafa shi an ƙone ruwan har sukari ya kai kashi 66 sannan ya zama wannan zumar mapul ɗin da ake zubawa a kan fanke. Kusan galan 40 na ruwa ke ba da galan ɗaya na zuma. Lardin Kebek na Kanada shi ke fitar da kusan kashi 70 na duk abin da duniya ke sha, a Amurka kuma jihar Bamont ce kan gaba. Kada wani ya ce zai gwada a Jos ko Mambila, sanyinmu bai kai ba, sai inda dare ke daskarar da ruwa rana ta narkar.

Bokiti bai isa ba ne sai an kawo tiyo da inji?

Bokitin da ake ratayawa a ƙasan huda yana yi mana, da shi aka yi ta yi kafin tiyon roba ya shigo a ƙarshen shekarun 1950, kuma in bishiyarka goma ce a bayan gida ni dai ban ga dalilin wahalar da kai ba. Amma daga huda hamsin zuwa ɗari biyu ko uku, ɗaukar bokiti cikin dusar ƙanƙara kullum ba wasa ba ne. Ga kuma maganar yawan ruwa, huda ɗaya da bokiti takan ba da wajen galan 10 a kaka guda, in zuƙa tana da kyau ana ninka wannan. Dalili kuwa, ruwan yana fita ne saboda matsin cikin bishiya ya fi na waje, idan ka rage iskar da ke cikin tiyo ka ƙara wannan bambancin ke nan, sai ruwa ya zo ko a ranar da bokiti zai wuni a bushe. Ana auna zuƙar da incin makuri, wato zaiba, a geji, kuma binciken Proctor, cibiyar nazarin mapul ta Jami'ar Bamont, ya nuna kowane inci ɗaya da ka ƙara yana kawo ƙarin ruwa kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari.

Da me zan fara, sayen inji?

A'a fa, inji shi ne ƙarshe. Ka fara da ƙafarka. Ka shiga dajin tun kafin ƙanƙara ta rufe ƙasa, ka ƙirga bishiyoyin da kaurinsu ya kai inci 10 zuwa 12 don ƙasa da haka ba a huda su, ka ɗaura musu ƙyalle mai launi, sannan ka nemo wurin da ya fi ko'ina gangare wanda mota ko amalanke za ta iya isa, nan tanki zai zauna. Sai ka auna saukar ƙasar, daga bishiyar da ke can sama zuwa tanki ƙafa nawa aka sauko, don wannan lissafin ne zai gaya maka irin tiyon da za ka saya da ko kana ma buƙatar inji. Mutane da yawa suna yin abin a baibai, su sayo famfo mai tsada sannan su zo suna neman yadda dajin zai dace da shi, alhali ƙasar ce ke da ta cewa.

Na ji wai akwai tiyon da ke zuƙa da kansa ba inji, gaskiya ne?

Gaskiya ne, kuma ga mai ƙaramin daji a kan tudu babu abin da ya kai shi sauƙi. Tiyon da aka saba da shi faɗin cikinsa inci 5/16 ne, ruwa na bin ƙasansa iska na bin sama. Wani mai bincike a Proctor, Tim Wilmot, shi ya yi ta gwaji da siriri mai inci 3/16, wanda saboda ƙanƙantarsa ruwa ke cika shi taf, to nauyin ruwan da ke gangarowa sai ya riƙa jan na bayansa, kamar dai yadda ake zuƙo fetur daga tankin mota da tiyo, da zarar ya kama hanya shi ke nan. Kowace ƙafa ɗaya ta sauka tana ba da kusan inci 0.88 na zuƙa, wato in ka samu saukar ƙafa 30 ka kusa ƙure abin da ake iya samu. Amma a lura, saukar da ke ƙasa da bishiya ita ce ke yi mata aiki, don haka bishiyoyin sama su ke morewa, wadda ke dab da tanki kusan ba ta samun komai, shi ya sa ake so a bar doguwar jela ta tiyo tana gangarawa bayan huda ta ƙarshe. Layi ɗaya yana ɗaukar huda 25 ko ma fiye.

Aibinsa toshewa. Shekarar farko za ka ji daɗi, ta biyu da ta uku ƙura da dattin itace da yauƙin ƙwayoyin cuta su fara cushe mahaɗai, ruwa ya ragu kai kuma ba ka san daga ina ba ne. Masu yi da gaske suna canza mahaɗan da gajerun tiyon da ke saukowa daga huda duk bayan shekara biyu ko uku. In kuma filinka shimfiɗaɗɗe ne to ka manta da shi, siririn tiyo a kwance sai dai ya riƙe ruwa.

To in filin ba gangara fa, wane inji?

Ga huda ɗari ko ƙasa da haka, yawancin masu ƙaramin aiki suna amfani da ɗan famfon nan mai roba a ciki mai cin bolt 12, irin Shurflo da ake sa wa motocin yawon shaƙatawa, a haɗa shi da batir da sola. Wanda ya fi shi girma shi ne Guzzler, yana ɗaukar ɗaruruwa. Daɗinsu ruwa da iska duk ta cikinsu suke wucewa su faɗa tanki, ba sai ka sayi wani abu ba. Matsalarsu iskar da suke ja kaɗan ce ƙwarai, ƙaramar ɓula ɗaya sai ka ga geji ya faɗi, kuma ƙanƙara na fasa su, dole a sa su cikin akwati mai ɗumi da rariya a gabansu, da na'urar da ke kashe su in sanyi ya kai na daskarewa. Wasu suna jawo siririn tiyo daga tanki ya riƙa maido ɗan ruwa cikin famfon, don robar tana kamawa sosai in tana jiƙe.

Manyan injuna irin waɗanda aka aro daga masu tatsar shanu iska kawai suke ja, ruwa bai kamata ya shiga cikinsu ba, sai an sa wata tukunya a tsakani da ake kira rilisa mai raba ruwa da iska ta zubar da ruwan a tanki ba tare da zuƙa ta karye ba. Lissafin da aka saba shi ne injin ya iya jan iska cikin akwati mai tsawo da faɗi da zurfi ƙafa ɗaya ɗaya a minti ga kowace huda 100. Ga mai huda 150 wannan kashe kuɗi ne kawai a ganina.

Yaya ake shimfiɗa layukan?

Uwar tiyo, mai inci 3/4 ko inci 1, ita ke bin kwarin dajin zuwa tanki, ana ɗaure ta a jikin waya mai ƙarfi da aka ja ta yi tsam, da gangara aƙalla ƙafa 2 cikin kowace ƙafa 100, kuma kada ta yi ciki ko'ina don inda ta lotsa nan ruwa zai kwanta ya daskare ya tare iska. Ƙananan layuka na 5/16 su ke hawa tudu daga bishiya zuwa bishiya, a miƙe, a ɗame, kullum suna gangarowa. In da inji, huda biyar a layi shi ne daidai, kada dai a wuce goma, layin kuma kada ya zarce ƙafa 100 da yawa. Daga huda zuwa layi akwai gajeren tiyo na wajen inci 30, a bar shi da tsawo don badi a iya kai shi wani gefen bishiyar. Hudar kanta faɗin inci 5/16, zurfi inci ɗaya da rabi zuwa biyu, da kaifin bakin diril, a buga bakin robar da ke haɗa tiyo da huda a hankali kada itacen ya tsage. Tanki kuwa a yi lissafin galan 2 ga kowace huda, saboda ranar da ruwa ya ɓalle ba ya jiran kowa.

Me ke kashe zuƙa bayan an gama komai?

Ɓula, kuma kurege ne babban mai laifi, sai barewa da reshen da iska ta karyo da bakin robar da ƙanƙara ta turo waje. Ka sa geji ɗaya a wajen famfo, ɗaya a can ƙarshen layi, in na famfo na nuna 25 na ƙarshe na nuna 15 to akwai inda iska ke shiga. Sai ka bi layi kana kallo, inda ruwa ke tafiya a hankali lafiya lau, inda ka ga kumfa na gudu fiu to ɓular tana sama da nan. Kada kuma ka tayar da hankali don geji bai kai 29 ba, wanda shi ne kusan ƙurewar zuƙa a bakin teku, duk hawan ƙafa 1,000 daga teku yana rage kusan inci ɗaya daga iyakar abin da za a samu.

Wanki fa?

Bishiya tana rufe hudarta da wuri in ƙwayoyin cuta sun shiga, kuma duk lokacin da famfo ya tsaya takan tsotse ruwan tiyo ya koma ciki da dattinsa. Shi ya sa ake sa sabon bakin roba kowace shekara, wasu ma suna sayen mai ɗan ƙwallo a ciki da ke hana ruwa komawa. Da kaka ta ƙare a cire bakunan tun famfo na aiki don ya tsotse abin da ya rage, a ɗauraye, a toshe kowane baki a mazauninsa kafin ƙwari su shiga su yi gida.