Tambayoyi da amsoshi kan lamba 2,147,483,647

Me ya bambanta wannan lamba da sauran?

Ba ta rabuwa daidai sai da 1 da ita kanta, irin lambobin da masana lissafi ke kira firam. Ana samun ta ne idan aka jera 2 guda 31 aka yi ta ninka su da juna, sannan aka cire 1. Leonhard Euler, masanin lissafi ɗan ƙasar Suwizalan, shi ya tabbatar da cewa firam ce a 1772.

A wane rukuni take?

Tana cikin lambobin Mersenne, wato waɗanda ake samu idan aka ninka 2 da kanta sau da yawa aka cire 1, masu sunan wani malamin coci Bafaranshe, Marin Mersenne. Ita ce ta takwas a jerin waɗanda suka fito firam, bayan 3, 7, 31, 127, 8,191, 131,071 da 524,287. Tana kuma cikin wani rukuni mai ƙarancin mambobi: ita kanta 31 ɗin lambar Mersenne ce, domin 2 guda biyar sun ba da 32, a cire 1. Cikin irin waɗannan, da adadin 2 ɗinsu ma lambar Mersenne ce, huɗu kacal aka sani sun fito firam.

Ashe duk lokacin da adadin 2 ɗin ya zama firam, sakamakon ma firam ne?

A'a, kuma nan ɗalibai ke yawan zamewa. Ɗauki 11: sakamakon 2,047 ne, wanda 23 sau 89 ke bayarwa.

Yaya Euler ya yi ba kwamfuta?

Bai bi lambobi ɗaya bayan ɗaya ba. Da farko, in akwai mai raba ta, dole a sami guda da ba ta wuce 46,340 ba, tunda 46,341 sau kanta ta riga ta zarce lambar. Na biyu, duk firam da za ta raba ta, in aka raba wannan firam da 248, sauran 1 ko 63 zai rage. Da wannan tankaɗe aikin ya ragu zuwa abin da alƙalami da haƙuri za su iya.

Yau fa?

Ana amfani da gwajin Lucas da Lehmer, wanda ake yi wa lambobin Mersenne. A fara da 4, a ninka ta da kanta, a cire 2, a raba da lambar da ake gwadawa, a riƙe saura, a maimaita. Ga 31: 4 ta koma 14, 14 ta ba da 194 mai saura 8, 8 ta ba da 62 mai saura sifili. Sifili a zagaye na ƙarshe na nufin firam ce. Tamu zagaye 29 take buƙata, wato adadin 2 ɗinta, 31, a cire 2.

Me ya haɗa ta da kwamfuta?

Ita ce iyakar abin da ma'ajin lamba mai bit 32 (bit gurbi ne mai ɗaukar 0 ko 1) ke ɗauka, idan an ware bit ɗaya don alamar ƙari ko ragi. A ƙara mata 1, sai ta faɗa −2,147,483,648. Tsofaffin na'urori masu ƙirga daƙiƙoƙi tun daga 1 ga Janairu 1970 a irin wannan ma'aji za su cika ranar 19 ga Janairu 2038, agogonsu ya koma Disamban 1901.