Ciwon hanta da allura: abin ya girmi yaran penta

Kwanan nan duk majalisar da ka zauna a Jos, daga Gangare har Anguwan Rogo, in aka taɓo maganar ciwon hanta sai ka ji an ce ai yaran nan masu allurar penta, wato pentazocine, maganin kashe zafin ciwo da suke maye da shi, su ne suka ja mana. To ba a ce ba su da nasu kason ba, mutum uku huɗu suna karɓa-karɓa da sirinji ɗaya a kango ai ba sai an tambayi likita ba. Amma dattijon da ya je ba 'yarsa jini a asibiti aka ce masa Baba ka yi haƙuri, jininka akwai hanta, shi kuma wace penta ya taɓa yi?

Abin da kowa ya sani ba sai mun daɗe a kai ba. An fara gano alamar ƙwayar hanta B a jini a 1965, a 1986 aka ba da sanarwar ƙanjamau ta shigo Najeriya, hanta C kuma sai 1989 aka tantance ta. Ƙanjamau ta kwashe duk wani tsoro, alhali binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin ɗari na manya ne ke da ita, hanta B kuwa kashi 8.1.

Inda ni nake ganin ruwa ya fara ɓaci shi ne ranar da sirinjin gilas ya ba na roba wuri. Masu shekaru za su tuna disfensa da risho da ƙaramar tukunyarsa ta ƙarfe, yana tafasa sirinji da allurai ku kuma kuna layi a benci. Ba kullum ake tafasawar yadda ya kamata ba, Masar shaida ce, daga shekarun 1950 zuwa 1980 an yi ta yi wa mutanen karkara allurar tsargiya da sirinjin gilas ana maimaitawa cikin sauri, daga baya ƙasar ta wayi gari ba wadda ta kai ta yawan masu hanta C. Amma dai a ƙa'ida kowa ya san sai an tafasa.

Na roba da ya zo, an yi shi ne don a yi aiki da shi sau ɗaya a jefar. Sai ya faɗo hannun mutanen da ko gwangwanin madara ba sa yarwa, kuma ya yi daidai da tsadar shekarun 1980 da ta sa majinyaci ya koma sayen komai da kansa, kemis kuma ya zama asibitin talaka. Tukunya da risho suka tafi, maimaitawa ta zauna. Wani ya ɗauraye a kofin ruwan ɗumi, wani ya goga auduga da sifirit, wanda ake ganin ya waye kuma ya canza tsinken a gabanka ya bar jikin sirinjin, bai san jini kan koma ciki ba, da shi kuma zai sake zuƙa daga kwalbar maganin da za a yi wa mutum goma. Ƙwayar hanta B tana iya kwana 7 a waje da ranta, kuma a sukar allura ɗaya ta fi ƙanjamau saurin kamu nesa ba kusa ba.

Mu ma fa da hannunmu a ciki. Zazzaɓi kaɗan sai ka ji uwa na cewa malam a yi masa allura dai, ƙwaya ba ta yi masa. Haka aka yi ta ɗirka wa yara allurar kulorokwin a ɗuwawu. Ga askar wanzami da ƙaho da mai yankan farce, ga wanda ya samo ta tun daga haihuwa.

Gyara ya zo amma a makare. A 1999 hukumomin lafiya na duniya suka nemi a koma sirinji mai kulle kansa a rigakafi, wanda in an danna sau ɗaya ya mutu ke nan, a 2004 kuma rigakafin hanta B ya shiga jerin alluran jarirai a Najeriya. Duk wanda aka haifa kafin nan bai samu ba sai in da ƙafarsa ya je ya nema. Ita C har yau ba ta da rigakafi, sai dai ana warkewa da ƙwayoyi na kamar wata uku, in an yi gwaji an gano ta.