Kafin a yanki tikiti, a shirya ƙafa

Iyayenmu maza da mata, da ku 'ya'ya da jikoki masu ɗawainiya da su, ina so mu yi magana a kan wani buri da dattawa da yawa ke riƙe da shi a zuci shekara da shekaru. Wani ɗansa ya yi nisa, yana so ya je ya ɗauki jikokin da bai taɓa gani ba sai ta waya. Wata teku take so ta gani da idonta. Wani kuma ziyarar wuri mai tsarki ce a ransa tun yana saurayi. Kullum sai a ce, in yara sun girma, in aiki ya yi sauƙi. To yara sun girma, aiki ya yi sauƙi, guzuri ya samu, sai kuma a ce jiki ya ƙi. Mu ma'aikatan lafiya muna ganin wannan a kai a kai, kuma abin da ke ci mini rai shi ne yawancin lokaci zama ne ya karya jikin, sai a ɗora wa shekaru laifi.

Zaman nan kuwa da ƙauna ake jawo shi. Baba ya miƙe zai ɗauko abu, sai a ce, "Haba Baba, zauna, bari a kawo maka." Mama ta ce za ta taka zuwa gidan ƙawarta, sai a ce, "Mama ki huta, kin yi naki." Niyyar mai kyau ce, ladabi ne. Amma tsoka ba ta san ladabi ba, abin da aka sa ta shi take riƙewa, abin da aka ɗauke mata kuma ta sake shi. Tun daga wajen shekara 30 naman tsoka yake fara raguwa, kimanin kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari a kowace shekara goma, bayan shekara 60 kuma ragin ya ƙara sauri. Kwanciya ta fi komai cinye ta. A wani bincike da aka buga a Amurka a 2007, an kwantar da dattawa masu ƙoshin lafiya a gado kwana 10 kawai, aka tarar sun rasa kusan kilo ɗaya na tsokar ƙafa. Kwana goma! Ku auna wannan da dattijon da ya shekara biyar daga gado sai kujera.

Ku lura da yadda irin wannan dattijo yake tashi daga zaune. Zai matso bakin kujera, ya dafa gwiwoyinsa da hannu biyu, ya yi gaba ya dawo, ya sake yin gaba ya dawo, a na uku ya ɗago da nishi, sannan ya tsaya cik na ɗan lokaci yana laluben abin kamawa kafin ya ɗaga ƙafa. Wannan tashin shi ne abin da tafiya za ta nema a wurinsa sau da dama a yini guda: daga kujerar jira, daga kujerar mota, daga matsattsen wurin zama na jirgi, daga banɗakin da ba shi da abin dafawa.

Albishir ɗin shi ne tsoka tana dawowa, ko an tsufa ƙwarai. A 1990 likita Maria Fiatarone da abokan aikinta suka sa wasu tsofaffi 10 a wani gidan kula da dattawa a birnin Boston, masu shekaru 86 zuwa 96, suka riƙa ɗaga nauyi da ƙafa tsawon mako 8. Ƙarfin ƙafar waɗanda suka kammala ya ninka fiye da sau biyu. Mutanen da suka doshi shekara ɗari ke nan. Don haka idan mai shekara 68 ya ce mini lokaci ya ƙure masa, ba na yarda.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojinta na motsa jiki a 2020, kuma abin da ta nema daga mai shekara 65 zuwa sama bai fi ƙarfin kowa ba. Minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, wato kamar tafiyar minti 30 kwana biyar a mako. Matsakaici shi ne wanda numfashi zai ɗan ɗaga, jiki ya yi ɗumi, kana iya magana amma ba za ka iya rera waƙa ba. Sai aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a mako, da atisayen daidaita tsayuwa aƙalla kwana 3. Wanda ya daɗe a zaune kada ya ce zai fara da minti 30. Ya fara da biyar ko goma, safe da yamma, yana ƙarawa kaɗan kaɗan duk mako. Sannu ba ta hana zuwa.

Ga gwajin da nake so kowane gida ya yi. A samo kujera mai ƙarfi marar hannu, a jingina ta da bango. Dattijo ya zauna a tsakiyarta, tafin ƙafa a ƙasa, hannuwa a harɗe a ƙirji, wani ya tsaya kusa da shi. A duba agogo, ya miƙe sosai ya koma ya zauna, iya adadin da zai iya cikin daƙiƙa 30. Ga mai shekara 65 zuwa 69, namiji da ya kasa kai 12 ko mace da ta kasa kai 11, ƙafarsu tana neman aiki, kuma haɗarin faɗuwa ya ƙaru gare su. Daɗin abin shi ne gwajin shi ne maganin. Tashi da zama sau goma, a huta, a sake, kullum. Bayan wata biyu a sake aunawa.

Batun faɗuwa kuwa ina so in daɗe a kansa, domin shi ne ke yanke tafiye-tafiye da yawa tun ba a fara ba. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna mutum kusan 684,000 ke mutuwa duk shekara sanadin faɗuwa, kuma waɗanda suka haura shekara 60 ne suka fi yawa a ciki. Wanda bai mutu ba, sau da yawa ƙashin ƙugu ne ke karyewa, daga nan sai doguwar jinya. Akwai kuma wata illa da ba a gani a hoton asibiti, wato tsoro. Dattijuwa ta faɗi sau ɗaya, ta daina fita, ƙafa ta ƙara rauni, faɗuwa ta biyu ta zo da sauƙi. Ana karya wannan da ƙananan abubuwa: a dafa bayan kujera a tsaya da ƙafa ɗaya daƙiƙa goma, a sauya, a yi tafiya a miƙe diddige na taɓa yatsun ɗaya ƙafar, hannu na bin bango, a ɗaga diddige a tsaya a kan yatsu sau goma. A je a duba ido, domin yanar ido tana sa mutum ya kasa ganin bakin matakala. A nuna wa likita duk magungunan da ake sha, saboda wasu na barci da wasu na hawan jini suna kawo jiri idan an miƙe da sauri. Sanda kuma ba abin kunya ba ce, mai ita ya fi marar ita nisan zango.

Masu ciwon gwiwa kan ce motsi zai ƙara lalata gaɓar. Ga amosanin gaɓoɓi irin na tsufa, motsa jiki yana cikin sahun farko na magani, domin cinya mai ƙarfi tana rage wa gwiwa nauyi. Ɗan tsami bayan atisaye ba komai ba ne. Abin da ke sa a tsaya nan take a nemi asibiti shi ne ciwo ko nauyi a ƙirji, numfashi ya sarƙe fiye da kima, jiri, bugun zuciya ya rikice, ko gaɓa ta kumbura ta yi zafi. Mai ciwon zuciya ko wanda aka yi wa aiki kwanan nan, ya fara jin ta bakin likitansa kafin ya ƙara motsi.

Ana yawan kawo labarin Emma Gatewood, uwar 'ya'ya 11 da ta taka hanyar tsaunukan Appalachian a Amurka ita kaɗai a 1955 tana da shekara 67, tafiyar sama da kilomita 3,000. Ko Yuichiro Miura ɗan Japan da ya hau ƙololuwar tsaunin Everest a 2013 yana da shekara 80. Ina jin daɗin labaransu, sai dai ba na so su sa kowa ya raina nasa burin. Tafiyar da yawancin dattawa ke so ta fi wannan sauƙi nesa ba kusa ba, amma ita ma tana da nata nauyin. A manyan filayen jirgin sama ana iya taka kusan kilomita guda daga wurin tantancewa zuwa ƙofar shiga, a tsaya a layi awa ɗaya, a hau matakala da jaka a hannu. Mai zuwa aikin hajji ko umara, sa'ayi tsakanin Safa da Marwa kaɗai ya kai kimanin kilomita 3, ban da ɗawafi. Saboda haka a tambayi kai: wurin da nake so in je, tafiyar ƙafa nawa yake nema a yini? Sai a ba jiki wata uku zuwa shida ana matsawa kusa da wannan adadin, da takalmin da za a tafi da shi. Kada a sa sabon takalmi ranar tafiya, musamman mai ciwon suga, wanda ƙaramin kanta a ƙafarsa kan zama gyambo bai ji ba.

A ga likita aƙalla mako 4 zuwa 6 kafin tashi, a gaya masa ƙasar da za a je da tsawon zaman. Wasu alluran rigakafi suna buƙatar lokaci. Ta zazzaɓin shawara sai ta kwana 10 kafin takardarta ta fara aiki, kuma tun 2016 allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa, sai dai wanda ya kai shekara 60 kuma bai taɓa yi ba dole likita ya auna masa, domin illarta ta fi yawa a wannan shekarun. Idan wurin yana da tudu sama da mita 2,500, a faɗa wa likita, iska ba ta da ƙarfi a can kuma masu ciwon zuciya da huhu su ne suka fi ji a jikinsu.

Magunguna su zauna a jakar hannu, cikin kwalinsu na asali, da ƙarin na 'yan kwanaki ko tafiya za ta yi tsawo. Jakar da aka auna aka tura cikin jirgi tana iya ɓata, kuma sanyin wurin kaya yana iya lalata insulin, wato allurar masu ciwon suga. A karɓi takardar likita mai ɗauke da cututtukan da ake fama da su da ainihin sunan kowane magani, saboda sunan kamfani yana sauyawa daga ƙasa zuwa ƙasa, wasu ƙasashen kuma suna kama mutum a kan magungunan kashe zafi irin su tramadol da kodin idan babu takarda. Mai allurar insulin da zai tsallaka inda agogo ya bambanta da awoyi, ya zauna da likita su tsara lokutan tun a gida. Inshorar lafiya ta tafiya kuma a karanta ta da kyau, a bayyana tsohon ciwo, in ba haka ba ranar da ake buƙatarta su ce ba su san zancen ba.

A cikin jirgi ko doguwar mota, babban abin tsoro shi ne daskarewar jini a jijiyar ƙafa. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2007 ya nuna haɗarin yana ninkawa kusan sau biyu bayan zaman awa 4 ko fiye, duk da cewa a jimlace bai da yawa, kamar mutum 1 cikin 6,000. Tsufa da ƙiba da aikin tiyata na kusa da cutar daji suna ƙara shi. A nemi kujerar bakin hanya. A miƙe a ɗan taka duk bayan awa ɗaya ko biyu. Ana zaune ma a riƙa ɗaga yatsu sama, a danna su ƙasa, a juya idon sawu, har a ji sha-raɓa tana matsewa tana saki, domin ita ke tura jini ya koma sama. Idan bayan an sauka, ko da makonni ne, ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko numfashi ya yanke ba zato, asibiti za a nufa a ranar.

Ruwa kuma a sha ko ba a ji ƙishi ba. Jin ƙishi yana dushewa da shekaru, ga shi dattawa da yawa suna ƙin sha da gangan don gudun yawan zuwa banɗaki a hanya. Na fahimci damuwar, amma a wuri mai zafi wannan dabara tana kashewa. A hajjin 2024 hukumomin Saudiyya sun ce sama da mutum 1,300 ne suka rasu cikin zafin da ya haura digiri 50. Laima, inuwa, da guje wa fita tsakar rana ba ragwanci ba ne.

Ku kuma 'ya'ya, idan Baba ko Mama suka ce suna son tafiya, kada amsarku ta farko ta zama "ba za ka iya ba". Ku tambaya me ake buƙata kafin ya iya. Ku fita tafiyar yamma tare da shi. Ku nema masa taimakon keken turawa daga kamfanin jirgi aƙalla awa 48 kafin tashi, wannan ba ya rage masa daraja, yana adana masa ƙarfi ne don inda ya je dominsa. Ku bar yinin farko na isa ya zama na hutu, ku tsara wuri ɗaya ko biyu a yini maimakon biyar, ku nemi masauki marar dogon bene. A aljihunsa a sa kati mai sunansa da adireshin masauki da lambar wanda za a kira. Idan mantuwa ta fara kama shi, kada a bar shi ya tafi shi kaɗai, kuma gajeriyar tafiya zuwa wurin da ya sani ta fi masa doguwa. Idan kuwa likita ya ce a jinkirta saboda ciwon da bai lafa ba, ku tambaye shi ƙarara abin da ya kamata ya gyaru da kuma ranar da za a dawo a sake dubawa, ku rubuta ranar.