Tambayoyin da ake ta maimaita mana kan gyaran tsofaffin jiragen ƙasa

Masu zuwa kallo a gidan tarihin jiragen ƙasa da masu son taya mu aiki, tambayoyinku kusan iri ɗaya ne kullum. Ga amsoshin, dan Allah a karanta kafin a sake tambaya.

Wai me kuke yi a wurin gyaran nan?

Gyara mana. Mu kwance kan jirgi ko tarago, mu kankare tsatsa, abin da ya mutu mu ƙera sabo, mu mayar.

Ba a sayen kayan gyaran ne?

A wurin wa? Yawancin kamfanonin da suka ƙera su sun rufe tuntuni. Tsohon zane ake ɗaukowa, in ya ɓata a auna mataccen ƙarfen a yi irinsa.

Mun samu kan jirgi mai tururi da ya daɗe a ajiye, mu hura masa wuta mu ga ko yana aiki?

A'a! Kar ku kuskura. Tukunyar tururin da ba a duba ba in ta fashe ba rauni take yi ba, kisa take yi. Da ruwa ake fara gwada ta, a cika ta taf a matsa da famfo, don ruwa in ya samu kafa tsiyaya kawai zai yi, tururi kuwa tarwatsa wurin zai yi. Kuma tsofaffin tukwane da yawa da asbestos aka naɗe su, wani abu mai kama da auduga da ke tsare zafi, ƙurarsa na lalata huhu, kar wani ya kai hannu ya yage.

Me ya sa jirgi ɗaya yake shekara da shekaru a kwance?

Don sai an buɗe ake ganin ɓarnar. Kan jirgi mai tururi da ake kira Flying Scotsman, wanda aka ƙera a 1923, gidan tarihin jiragen ƙasa na York a Ingila ya saye shi a 2004, aka fara gyara a 2006, bai koma kan layi ba sai 2016, ya ci fam miliyan 4.2. Su masu kuɗi da ƙwararru ke nan fa, to ku yi mana haƙuri.

To wanne ya fi, a gyara shi ya yi tafiya ko a bar shi yadda yake?

Wannan kam ba ta da amsa ɗaya, ya danganta da jirgin. Duk wanda za a sa ya yi tafiya sai an cire masa wani abu na asali, bututun cikin tukunya, wani lokaci har akwatin wutar gaba ɗaya, tayoyin ma ana sassaƙe bakinsu har wata rana a sake, kuma a Ingila bayan shekara 10 dole a sake kwance tukunyar a duba, wato kowane zagaye kana rage asalin abin da ka ce kana adanawa. In shi kaɗai ya rage a duniya, ko akwai wani tarihi a jikin ƙarfen kansa, ni dai a ganina a share shi, a shafa mai, a sa shi ƙarƙashin rufi. Wani kan jirgi mai suna Mallard da ya yi gudun mil 126 a awa a 1938 yana tsaye ne a York, kuma ban ga laifin hakan ba. Amma in akwai irinsa da dama, kuma akwai layin da zai bi da kuɗin da za a riƙe shi bayan gyaran, ba na gyaran kaɗai ba, to a tashe shi, don yaron da bai taɓa jin zafin wutar da ƙarar tururin ba bai san jirgin ba tukuna. Ko a nan ma sai mai duba tukunya ya auna kaurin ƙarfen ya faɗi nasa, wani lokaci walda ta isa, wani lokaci ba ta isa ba. Abin da ba na yarda da shi kawai shi ne a cire tsohon ƙarfe a jefar. A ɗauki hotonsa, a rubuta daga inda ya fito, a ajiye.

Ban iya walda ba, ban iya makanikanci ba, zan iya taimakawa?

Sosai ma, kwantar da hankalinka. Akwai goge tsatsa, akwai fenti, akwai aikin katako a taragu, sannu a hankali za ka kama sauran. Ka zo da takalmi mai ƙarfi da kayan da ba ka jin tausayinsu.

Zan iya hawa in ɗauki hoto?

Daga bayan igiya. Akwai rami a ƙarƙashin jirgin, kuma ana ɗaga kaya masu nauyi a sama.