Me ya kai antibayotik cikin maniyyin namun daji?

Ɗan ƙanwata yana aiki a wata gona a bayan Ɗa'if, inda maigidansa yake kiwon barewa da shaho. Rannan ya gangaro Makka da ciwon maƙogwaro, ya leƙa saidaliyya, wato kantin magani, neman antibayotik, mai shagon ya ce sai da takardar likita. Da muka zauna shan shayi sai ya ce mini: "Kawu, abin nan ya ɗaure mini kai. Ni mutum an hana ni, amma da idona na ga likitan dabbobi yana auna irin maganin nan yana zubawa a ruwan da zai gauraya da maniyyin barewa. Wace doka ce ta ba dabba ta hana ɗan Adam?"

Mai saidaliyya dai kansa yake karewa. Tun 2018 Ma'aikatar Lafiya ta Saudiyya ta ɗaure wa maganar gindi: wanda ya sayar da antibayotik ba da takardar likita ba zai iya shan tarar da ta kai riyal 100,000, a soke lasisinsa, har da ɗaurin da bai wuce wata shida ba. Likitan dabbobin ma ba gaban kansa yake yi ba, shi ma da ƙa'idar da yake bi.

Maniyyi ba ya fitowa tsaf. Dabbar daji ba ta tsayawa a taɓa ta kamar bijimin gida, sai an yi mata allurar barci, sannan a sa wata na'ura mai ɗan motsa jijiya da lantarki, kuma a nan fitsari da dattin fata kan shiga. Na tsuntsu ya fi wuya, don ƙofar da kashi yake fita ita ce ta maniyyi. A cibiyar binciken namun daji ta Ɗa'if, wadda aka kafa a 1986, an daɗe ana kiwon hubara, 'yar uwar tuje, ta hanyar ɗura maniyyi: namiji yakan hau mutum-mutumin mace, a tare abin da ya zuba. To ruwan da ake sirka maniyyi da shi, mai gwaiduwar ƙwai ko madara da sukari, abinci ne ga maniyyin, kuma liyafa ce ga ƙwayoyin cuta. Daskarewa a ruwan naitirojin, digiri 196 ƙasa da sifili, ba ta kashe su. Barci kawai suke yi, ranar da aka narkar su tashi tare da maniyyin.

Ƙa'idar ta fito ne daga hukumar lafiyar dabbobi ta duniya, WOAH, mai hedikwata a Faris tun 1924, wadda Saudiyya take cikinta. Babi na 4.7 na kundinta na dabbobin tudu, a tsohon bugunsa, ya ce a sa haɗin antibayotik a ruwan sirkin maniyyin da za a daskarar, har ya kawo ma'auni. Ɗaya daga cikin haɗe-haɗen shi ne, a kowace mililita, maikurogiram 250 na jentamaisin, 50 na tailosin, 150 na linkomaisin da 300 na sifektinomaisin. Ana iya sa wani haɗin, muddin ƙarfinsa bai gaza wannan ba. Madarar da za a sa sai an dafa ta a digiri 92 na minti uku zuwa biyar, ruwan da aka haɗa kuma kada ya wuce awa 72 a firiji kafin a yi aiki da shi. Wurin da ya fi burge ni ƙarami ne: babin ya ce a rubuta sunan maganin da adadinsa a takardar lafiyar da za ta raka maniyyin zuwa wata ƙasa. Ashe shi ma da tasa takardar likitan, ba haka kawai ake zubawa ba.

Kundin nan a kan kansa ba doka ba ne, ba wanda za a gurfanar a kotun Jidda don ya saɓa masa. Yana samun haƙori ne idan ƙasa ta mayar da shi sharaɗin shigo da kaya. A Saudiyya, Ma'aikatar Muhalli, Ruwa da Noma ce take kula da shigo da dabbobi, kuma abin da ta gindaya a izininta shi ne doka a bakin iyaka.

Sai dai babin don shanu, tumaki, awaki da aladu aka rubuta shi. Babu mariri a ciki, wanda Larabawa ke kira maha, babu damisa, babu hubara. Masu aikin namun daji aron rigar shanu suke yi, kuma rigar aro ba ta cika zama daidai ba. Ma'aunin da bijimi ya jure yana iya rage kuzarin maniyyin wata dabbar. In saniya ba ta ɗauka ba a sake gwadawa gobe. Damisar Larabawa kuwa, da waɗanda suka rage a daji ba su kai 200 ba, ba a barin digo ɗaya ya salwanta a gwaji.

Kuma kada wani ya ɗauka maganin nan yana wanke maniyyi daga kowace cuta. Ba ya taɓa ƙwayar cuta irin ta bairos ko kaɗan, ba ya kuma maye gurbin gwada lafiyar namijin kafin a ɗebi maniyyinsa. Ɗa'if ta san wannan darasin: garken maririn da aka kai can a 1986 ya zo da tarin fuka irin na shanu, sai da aka yi wata tara ana ba su magani, ana raba 'ya'ya da iyaye ana shayar da su da hannu, kafin a samu tsatso mai tsabta. Dabbar da ta ƙare a daji a 1972, a 1995 aka sake ta a gandun dajin Uruƙ Bani Ma'arid da ke kudancin Saudiyya.

Akwai takarda ta biyu da ba ruwanta da magani. Yarjejeniyar CITES ta cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, wadda Saudiyya ta shiga a 1996, ta shafi dabbar da duk abin da ya fito daga jikinta, har da maniyyi. Mariri, damisa da hubara suna rukuni na ɗaya, wato sai da izinin ƙasar da za a fitar da na ƙasar da za a shigar. A Saudiyya Cibiyar Kula da Namun Daji ta Ƙasa ce take bayarwa. Na jaddada wa yaron wannan, domin irinsu ake miƙa wa tulun maniyyi a ce "riƙe min wannan zuwa Jidda", kuma in an tare, wanda abin yake hannunsa ake fara tambaya.

Tambayarsa dai ba ta faɗi ƙasa banza ba. Dalilin hana shi a saidaliyya, wato ƙwayoyin cuta su saba da magani har ya daina cin su, ya biyo likitocin dabbobi har ɗakin gwaji, an riga an samu waɗanda jentamaisin ba ya kashewa a maniyyin aladu. Kan wannan matsalar ministoci suka taru a Jidda a Nuwamban 2024. Masu bincike suna gwada tace maniyyi da injin juyi don raba shi da ƙwayoyin, ko a rage dogaro da maganin. Na tambaye shi ina suke zubar da ragowar ruwan sirkin in an gama. Ya yi shiru, ya ce a magudanar bayan ɗakin, inda kaji suke sha.