Madatsar Ruwa ta Bakolori

Bakolori babbar madatsar ruwa ce a kan Gulbin Sakkwato, kusa da Maradun da Talata Mafara, a yankin da ya zama Jihar Zamfara a 1996. Tana cikin manyan ayyukan noman rani da gwamnatin tarayya ta yi da kuɗin man fetur a shekarun 1970. Masu nazarin raya karkara a Afirka sukan kafa hujja da ita idan ana maganar aikin zamani da ya zo da gaggawa har ya raba manomi da gonarsa.

Gini

Wani rahoton Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya na wajen 1969 ne ya ba da shawarar a datse ruwan a nan. Kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ya soma aikin a 1974 ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, aka kammala a 1978. Tsawon ganuwar ya haura kilomita 5, tafkin kuma yana ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 450. An tsara shayar da hekta wajen 23,000, mafi yawa ta injinan feshi, saura ta magudanai.

Manoma

Mutanen da tafkin ya cinye wa gidaje da gonaki, waɗanda aka ƙiyasta sun kai 13,000, an kwashe su zuwa sababbin matsugunai a kan tudu, inda ƙasar ba ta kai ta fadamar da suka baro ba. Diyya ta yi jinkiri, da yawa kuma sun yi kukan ba ta kai darajar abin da suka rasa ba.

Waɗanda gonakinsu suka faɗa cikin filin aikin, nasu ya fi ɗaure kai. An hana su shuka shekara da shekara yayin da katafila ke baje ƙasa. Itatuwan amfani da aka gada suka tafi, iyakokin gonaki suka shafe. Manomin da da can ya san gonarsa daga gindin ɗorawa zuwa bakin kwari, sai ga shi yana jiran ma'aikaci ya duba takarda ya nuna masa fegi. Da aka mayar da filayen, an so a yi alkama da shinkafa bisa tsarin hukuma, alhali gero da dawa su ne cimar gida. Ranar sakin ruwa, kuɗin ruwa, hayar tarakta, taki, duk a ofis ake yanke su. Gonar tana nan da sunansa, amma ta cewa ta koma hannun wasu. Marasa ƙarfi da dama suka sayar ko suka jinginar, masu kuɗi da ma'aikata suka saye.

Su kuwa mazauna ƙasan madatsar, ba su ma shiga lissafin diyya ba. Ambaliyar damina da ke jiƙa fadama ta ragu, shinkafa ta ja baya, kifi ya yi ƙaranci ga masunta, magidanta da yawa suka koma cin rani.

Rikicin 1980

Daga ƙarshen 1979 manoma suka riƙa tare hanyoyin shiga wurin aikin suna neman diyyarsu. A ƙarshen watan Afrilun 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa na tsohuwar Jihar Sakkwato, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta, aka ƙona ƙauyuka, ciki har da Birnin Tudu. Gwamnati ta ce mutum ashirin da 'yan kai suka mutu. Wasu masu bincike sun ce ɗaruruwa ne.

Bayan nan

Injinan feshin sun lalace tun da daɗewa, filin da ake nomawa ya ragu ƙwarai. Bayan 2014 aka sa Bakolori cikin shirin gyaran noman rani na TRIMING da Bankin Duniya ya tallafa wa. Shinkafa ce babban abin da ake nomawa a wurin yanzu.