Waiwaye: Yadda tsadar birni ta tura kasuwar tsofaffin sulalla bakin filin jirgi

Wanda ya girma a gidan da akwai kaka mai adana kaya, da wuya a ce bai taɓa cin karo da kwabo mai huji ko anini a gindin tsohuwar kwalla ba. Mu dai wasa muka yi da su har suka ɓace. A wasu ƙasashe kuwa irin wannan tarkace sana'a ce sukutum, da dillalanta da 'yan gwanjonta da ranakun cin kasuwarta. Aninin da Turawan mulkin mallaka suka fara bugawa a 1907, mai tauraro da rubutun Larabci, yana nan cikin kayan da ake bajewa a teburan dillalai a Landan da Niyok. Abin da ya daɗe yana raba kan masu wannan harka, musamman a Amurka, shi ne inda kasuwar za ta riƙa ci. Wasu na cewa tsakiyar babban birni, inda jama'a da masu kuɗi suke. Wasu na cewa a can kwalliya ba ta biyan kuɗin sabulu.

Da farko babu wannan gardama. A 1891 wani likita mutumin garin Monroe a jihar Michigan, Dakta George Heath, ya haɗa kan 'yan tsirarun masu sha'awar sulalla suka kafa ƙungiyar American Numismatic Association a Shikago, wadda ake taƙaitawa da ANA. Tarukansu na farko na zumunci ne. A karanta maƙala, a zaɓi shugabanni, kowa ya fito da abin da ya tara a sha kallo, a ci abinci a watse. Ɗaki guda a otel ya ishe su, don haka tsadar gari ba ta dame su ba.

Ciniki ne ya zo ya cinye zumuncin. Bayan yaƙin duniya na biyu masu tara sulalla suka yawaita, teburan dillalai suka zama su ne taron. A 1965 gwamnatin Amurka ta cire azurfa daga ƙananan sulallanta na santi 10 da santi 25, sai kowa ya shiga tsince tsofaffin daga cikin canji. A Janairun 1980 azurfa ta kusa dala 50 kowane oza, zinariya ta kai dala 850, kuɗi suka kwararo cikin harkar kamar ruwan Agusta. Daga baya kamfanin PCGS ya buɗe a 1986, NGC ya biyo baya a 1987. Aikinsu su duba sule, su ba shi maki daga 1 zuwa 70, su liƙe shi cikin 'yar roba mai tauri. Da zarar an liƙe sule da makinsa, ya zama haja mai sanannen farashi, har wanda bai san kan abin ba zai iya zuba kuɗinsa. Kafin a ankara taron da ɗaki ɗaya ke ɗauka ya koma yana neman zaure mai cin tebura ɗaruruwa, da masu gadi dare da rana, da inshora.

A nan lissafi ya shigo. Mai shirya baje kolin yakan ƙulla yarjejeniya da otel: a sassauta masa kuɗin zaure, shi kuma ya yi alkawarin baƙinsa za su cika ɗakuna kaza. In ba su cika ba, shi zai cike giɓin daga aljihunsa. A garin da ɗakin kwana ke da ɗan karen tsada, baƙi sai su sulale su nemi masauki mai sauƙi a bayan gari, su bar shi da jangwam. Ƙari a kan haka, a wasu manyan zaurukan biranen nan ba a yarda mai kaya ya sauke kayansa da kansa ko ya jona fitilarsa ba, sai ma'aikatan ƙungiyar ƙwadago na wurin, kuma kowane motsi da kuɗinsa. Duk wannan a kan kuɗin tebur yake ƙarewa.

Dubi ƙaramin dillali, wanda shi ne ya fi yawa a zauren. Ya iso da akwati biyu masu taya, masu nauyin tsiya, domin ƙarfe ne a ciki. Ba ya ba ɗan dako, ba ya barinsu a but ɗin tasi ya juya baya. Ya biya tebur, ya yi hayar akwatin gilashi da fitilar da zai haska kaya, ya rataya ɗan madubin duba sule a wuya. Shi da abokin aikinsa ba sa tashi cin abinci tare, sai dai ɗaya ya je ya dawo. Kwana huɗu ko biyar yana biyan ɗaki, da kuɗin ajiye mota in da mota ya zo. Ranar tashi ita ta fi tayar masa da hankali, don ɓarayi sun san akwatin nan ba tufafi ne a ciki ba, kuma an sha bin dillalai daga bakin zaure har inda za su tsaya shan mai. Mutumin nan sulallan dala 20 da dala 50 yake sayarwa, ribarsa a kan kowanne ba ta taka kara ta karya ba. Sai ya sayar da tuli kafin ya fanshe kuɗin ɗaki kaɗai. Maƙwabcinsa mai sule guda na dala dubu 100 ciniki ɗaya ya ishe shi, alhali kuɗin otel ɗinsu ɗaya ne.

Sai kuma haraji. A birnin Niyok harajin sayayya kashi 8.875 cikin ɗari ne, kuma yana hawa kan sulallan da darajarsu ta tsufa ce da ƙarancinsu. Wanda ya sayi na dala dubu 10 ya karɓa hannu da hannu, akwai ƙarin dala 887 da rabi a kansa. A jihar Illinois an yafe wa sulallan gwamnati irin wannan haraji. Mai saye ba ya buƙatar malamin lissafi kafin ya gane inda ya fi masa.

Akwai kuma wani abu da baƙo ba ya lura da shi. Babban ciniki a irin wannan kasuwa tsakanin dillali da dillali ake yin sa, sau da yawa tun ranar jera kaya, kafin a buɗe wa jama'a ƙofa. Wannan ya zo da abin da ba ya tafiya a garinsu, wancan yana da mai nema a nasa garin, sai a taya a sallama. Kasuwar da rabin ranta sari ne ba ta damu da miliyoyin da ke wucewa a titi ba. Bukatarta jirgi ya sauka kusa, a shiga zaure lafiya a fita lafiya.

Wannan ne ya ɗaukaka wani ɗan ƙaramin gari mai suna Rosemont, da ke manne da filin jirgin O'Hare na Shikago. Otel-otel ɗinsa a haɗe suke da zauren taro ta wata rufaffiyar gada, mutum zai ja akwatinsa daga ɗaki har tebur bai taka titi ba. Babban taron bazara na ANA ya sauka can a 2011, kuma daga lokacin zuwa 2024 sau takwas ana yin sa a wurin. A talla Shikago ake cewa, amma mahalarci zai iya zuwa ya koma bai ga tsakiyar Shikago ba. Niyok kuwa rabonta da wannan taro tun 2002, lokacin da aka yi shi a otel ɗin Marriott Marquis. A 2025 ma birnin Oklahoma aka kai shi. Ƙungiyar shiyyar tsakiyar ƙasar tana nata a Schaumburg, shi ma gefen Shikago, ta Fulorida kuma, wadda aka kafa a 1955, tana buɗe shekara da gagarumin taronta na Janairu, galibi a Orlando, inda ɗakunan kwana suka yi yawa saboda masu yawon shaƙatawa, ga shi babu ƙanƙara.

Amma maganar ba ta mutu a nan ba, don akwai taro ɗaya da ya kafe a Manhattan, zuciyar birnin Niyok, fiye da shekara 50. Shi ne New York International Numismatic Convention, wanda aka fara a 1972. Tarihin masaukansa kaɗai ya isa labari. Yana ci a Cibiyar Kasuwanci ta Duniya duk Disamba har harin 11 ga Satumba 2001 ya rusa ginin. Ya koma otel ɗin Waldorf-Astoria a Janairun 2002, ya zauna shekara da shekaru. A 2014 kamfanin inshora na Anbang daga Chaina ya sayi otel ɗin a kan dala biliyan 1.95, aka rufe shi a Maris 2017 don mayar da babban ɓangarensa gidajen sayarwa. Taron ya tattara ya koma Grand Hyatt, sai ga shirin rushe shi a gina dogon bene a wurin, ga kuma annobar korona da ta hana zama a 2021. Yanzu yana InterContinental Barclay, 'yar tazara kaɗan daga Waldorf. A tashi biyu na baya-bayan nan babu wanda ya kore shi don ya gaza biya. Ƙasar da otel ɗin ke kai ce ta fi otel ɗin daraja.

(Waldorf ɗin nan yana da wani tarihin da sulalla. A cikinsa jami'an tsaron Amurka suka yi wa wani dillali ɗan Ingila tarko a 1996, suka ƙwace sulen zinariya na dala 20 bugun 1933 da ake kyautata zaton ya taɓa zama a hannun Sarki Faruk na Masar. Bayan shari'a aka yi gwanjonsa a 2002 a kan dala miliyan 7.59, aka sake sayar da shi a 2021 a kan miliyan 18.9, duka a Niyok.)

Abin da ya riƙe wannan taro a Manhattan shi ne irin hajarsa. Sulallan Girka da Rum da daulolin Musulunci da na sauran ƙasashen duniya ake kawowa, dillalan ba su da yawa, da dama daga Turai suke tasowa, kuma manyan gidajen gwanjo suna jera gwanjonsu a makon. Wanda ya tsallako teku don ya taya dinari na dubban daloli, kuɗin ɗaki ba ya cikin abin da zai hana shi barci, ga shi yana son ya zo da iyali su zaga gari. Haka abin yake a Ingila. Baje kolin Coinex na ƙungiyar dillalan ƙasar a tsakiyar Landan yake ci sau ɗaya a shekara, amma kasuwannin masu ƙaramin ƙarfi suna filin sukuwa na York da gidan adana babura da ke kusa da Birmingham. Jamus ta sami tsaka-tsaki: World Money Fair ya baro Basel ta Suwizalan a 2006 ya koma Balin, ya sauka a katafaren otel ɗin Estrel da ke unguwar Neukölln, nesa da tsakiyar gari mai tsada.

Intanet ta ƙara wa dillali dalilin yin lissafi. Tun da aka fara liƙe sule da maki, ana iya sayensa daga hoto, kuma manyan gwanjo yanzu daga waya ake taya su. Wanda zai iya sayar da kayansa yana zaune a falo, sai ya ga dalili ƙwaƙƙwara kafin ya kama hanya da akwatin ƙarfe.

A ganina masu kukan an guje wa manyan birane suna da gaskiya a wuri ɗaya. Zauren da ke bakin filin jirgi ba ya samun ɗan kallo. Babu uban da zai biyo ta wurin da ɗansa don ya ga allo a titi, babu ɗalibin da zai faɗo daga jirgin ƙasa ya sayi sulen dala 2 ya kamu da son abin. Wanda ya je Rosemont da niyya ya je, kuma masu niyyar nan furfura ta yi musu yawa, abin da su kansu shugabannin ƙungiyoyin ke ta kokawa a kai. Sai dai mai wannan kuka ba shi ke biyan kuɗin tebur ba. Ƙaramin dillalin da ake so ya jawo yara da kayansa masu araha, shi ne na farko da tsadar birni ke kayarwa. In an matsa a dawo tsakiyar gari, zauren zai cika da masu kayan miliyoyi, yaron ya shigo ya tarar babu abin da kuɗin aljihunsa zai saya.

Ko cibiyoyin da ba sa ciniki ba su tsira ba. American Numismatic Society, wadda aka kafa a Niyok tun 1858, mai riƙe da sulalla da lambobin girma kusan dubu 800, ta bar tsohon gininta na Audubon Terrace a arewacin Manhattan, ta zauna ɗan lokaci kusa da unguwar bankuna, sannan ta kama haya a titin Varick a 2008. A Yunin 2025 ta sanar cewa za ta kwashe kayanta kaf ta bar birnin da ta shafe shekara 167 a ciki, ta koma harabar gidan adana kayan fasaha na Toledo a jihar Ohio.